Direban da Ya Cire Wayar Mita

An yi wani mutum, tsohon direba, da ya cire wayar mitar motarsa ya yi wa kamfanin inshora ƙarya.

Ya 'yan uwa, ku saurara, ba zan ja magana ba.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa maigida ɗaya a mota ɗaya. Doguwa ce, koriya, kujerunta na fata, sitiyarinta siriri kamar bakin faranti. Duk tsawon shekarun nan ba a taɓa kama shi da cin kuɗin mai ba. A bakin masallaci idan aka ce "Mai Amana", an san da shi ake.

Da maigidan ya rasu, 'ya'yansa suka ce ba su son tsohuwar mota, suka miƙa wa direban makulli. A lokacin an daina ƙera irinta, masu tara tsoffin motoci sun fara nemanta ido rufe. Wani ya taya ta da kuɗin da zai sayi gida. 'Yarsa ta ce, "Baba, ka karɓa ka huta." Ya ce, "Ba ta sayarwa ba ce."

Har yanzu kujerar baya tana ƙamshin turaren marigayin. Idan ya kama sitiyari sai ya ji kamar yana da shekara talatin, kamar za a ce daga baya, "Mu je." Matarsa takan ce, "Malam, in da mota na dafa abinci da tuni ka sallame ni." Shi kuwa sai ya ci gaba da goge madubi.

To, mota ba ta hawa titi sai da inshora. Ya zaga ofis huɗu. Biyu suka ce ta tsufa. Biyu suka faɗi kuɗin da ya fi ƙarfin fanshonsa. A na biyar wata ma'aikaciya ta ce, "Baba, akwai mai araha, ta masu ajiye tsohuwar mota don ado. Amma da sharaɗi. Kada ta wuce kilomita dubu a shekara. Duk shekara ka kawo ta mu duba mita."

Ya ce ya yarda. Aka ɗauki hotonta gaba da baya, da sababbin tayoyinta huɗu. Ya sa hannu.

Kilomita dubu! Mutumin da ya tsufa a kan hanya? Cikin wata biyu ya cinye rabi. Kullum da hantsi yakan fita, ya bi ta ƙofar gidan marigayin, ya bi ta tsohon ofishinsa da ya zama shagon katifa, ya miƙe hanyar gona, ya dawo. Ba ya ɗaukar kowa. Bege ne kawai ke jan sa.

Wata safiya ya kwanta ƙarƙashin motar da sifana, ya kwance wayar mita. Aikin minti biyar ne ga wanda ya san hannu. Ya ce a ransa, wa na cuta? Kamfani ne, ba mutum ba. In lokacin dubawa ya zo sai ya mayar da wayar, ya kai musu ita tana ƙyalli. Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, da kowa irinka ne da mun huta." Ya sunkuyar da kai ya karɓi yabon.

Amma a irin waɗannan motoci waya ɗaya ce ke juya mita da allurar gudu. Ya kashe ɗaya, ya kashe biyu. Kuma duk rayuwarsa da mita yake sanin lokacin canjin taya. Mita ta tsaya, shi ma sai ya tsaya tare da ita. A idonsa motar tana nan kamar ranar da aka ɗauke ta hoto.

A shekara ta uku, da rana tsaka, a kwanar hanyar gona, tayar gaba ta fashe. Bai san gudun da yake yi ba, allura na kwance a kan sifili. Motar ta daki kwalbati ta wuntsila. Allah Ya yi da sauran kwanansa, aka zaro shi da karyayyar kafaɗa.

Mai bincike na kamfani ya zo inda aka ajiye ta. Ya leƙa mita, ya tsuguna ya shafa taya, ya fito da tsohon hoton. Ya ce, "Baba, mita ta ce motar nan ba ta je ko'ina ba. Taya kuma ta ce ta gaji da tafiya. Wa zan gaskata?" Sannan ya leƙa ƙarƙashi, ya ga wayar tana lilo.

Direban ya tafi wurin amininsa, wani bakanike da suka taso tare. Ya ce, "Ka rubuta mini cewa wayar da kanta ta zare a hatsarin." Bakaniken ya goge hannu da tsumma ya ce, "Waya mai noti ta zare kanta? Direba, ka ce in sayar da akwatin kayan aikina in ba ka, zan yi. Wannan kam a'a."

Kamfani ya soke yarjejeniya, bai biya ko sisi ba. Magana ta fita. Babu wanda ya zage shi. Sai dai a bakin masallaci aka koma ce masa "Baba Direba", ɗayan sunan kuwa ba a sake jin sa ba.

Ya 'yan uwa, ba hukuncin inshora na zo faɗa muku ba, wannan na malamai ne. A kan ƙarya na zo yin magana. Mutum ya sa hannu a kan alkawari, to ya cika, ko da wa ya ƙulla. Laifi ne mutum ya yi kewar ƙuruciyarsa? Ba laifi ba ne. Ni ma ina kewar tawa. Amma wannan bawan Allah ya so ya tsayar da kwanaki da sifana, kuma kwanaki ba su tsayawa. Wa ya taɓa kwance wayar littafin da mala'iku ke rubutawa? Da ya haƙura da dubunsa, da yau motar tana nan, sunan ma yana nan.

Allah Ya tsare harsunanmu da hannuwanmu. Allah Ya kiyaye mu daga son abin da zai ja mu ga ƙarya. Ku sa shi ma a addu'a, domin yana nan da rai.

Motar tana bayan gidansa ƙarƙashin tamfol, gabanta a mokaɗe, kaji na kwana a ciki. Kullum da hantsi yakan ɗaga tamfol ɗin, ya shiga da ƙyar, ya ɗora hannu a sitiyari. Ƙamshin turaren ya tafi, ruwan sama ya wanke shi. Kwanan baya mai sayen tsoffin ƙarafa ya zo da sikelinsa. 'Yar ta durƙusa ta ce, "Baba, don Allah, ko yanzu ka rabu da ita."

Bai ko waiwayo ba. Ya ce, "Ba zan sayar ba."