Ɗakin da Dongseok Ya Shirya wa Kiɗa

Akwai wani direban bas a nan birnin Busan mai suna Pyo Dongseok. Masu bin hanyar Seomyeon da safe sun san shi, domin duk lokacin da danja ta tsayar da shi sai ka ga yatsunsa suna kaɗa sitiyari. Ya haura shekara hamsin, amma tun yana saurayi burinsa ɗaya ne: ya samu ɗaki nasa na kansa inda zai zauna ya haɗa kiɗa.

Ɗakin bai samu ba. Gidansu a saman bene yake, ɗaki biyu da falo. Ɗaya nasa da matarsa Hyeran, ɗaya na 'yarsu Narae. Piyanonsa na lantarki ya yi shekaru a ƙarƙashin gado yana shan ƙura.

Sai Narae ta samu aiki a Seoul, ta tattara kayanta ta tafi. Da suka dawo daga rakiyarta tasha, Dongseok ko riga bai canja ba ya ɗauko tef ɗin awo.

Hyeran ta ce, "Baban Narae, ko hawayena ba ka bari sun bushe ba?"

Ya ce, "Ni ma ina kewarta. Riƙe min bakin tef ɗin nan."

Da farko ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya tafa hannu. Bango ya mayar masa da tafin kamar yana kwaikwayonsa. Ya ce to, wannan amsa-kuwwar ce abokiyar gaba ta farko.

Duk ranar da ba ya aiki, sai ya zauna a baranda yana haɗa firam na katako, ya cusa ulun gini mai shanye sauti a ciki, ya lulluɓe da yadi mai ruwan toka, ya rataye a bango. Masu kaurin ya jera a kusurwoyi, don a nan ƙarar ganga take taruwa. Ya juya teburi ya fuskanci gajeren bango. Ya ɗaga lasifikoki daidai kunnensa, ya sa musu roba a ƙasa don kada su girgiza benen. Ya shimfiɗa kafet mai kauri, ya bi bakin ƙofa da roba ya toshe. Hyeran kuwa ta ɗinka masa labule mai ninki biyu.

Har matar da ke zaune a ƙasansu ya kai wa kwalin 'ya'yan itace, ya ce in ta ji ko ƙis ta buga masa waya. Matar ba ta taɓa bugowa ba.

Ranar da ya gama, ya ja matarsa ciki ya rufe ƙofa. Ƙarar motoci ta ɗauke ɗif. Ya tafa hannu, tafin ya mutu a inda aka yi shi.

Hyeran ta dubi tagar ta ce, "Ni da na tsufa a gidanka ban taɓa samun labule irin wannan ba."

"Ke fa kika ɗinka."

"Shi ne abin haushin."

Bai gama waƙarsa ta farko a ɗakin ba aka bugo waya daga Gijang, garinsu na bakin teku. Mahaifinsa, Tsoho Manbok, ya faɗi a bakin tashar jiragen ruwa.

Manbok masunci ne. A zamaninsa shi ke ba da waƙa idan mazaje sun jeru a bakin ruwa suna kakkaɓe ƙananan kifaye daga koma, yana ja suna amsawa. Amma bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin waƙa ba. A wurinsa aiki ne. Kiɗan ɗansa kuwa shirme ne, kuma tun Dongseok yana makaranta sunan da yake kiransa da shi ke nan: shashasha.

Ciwon ya shanye masa ɓarin dama, ya tafi da maganarsa. Yana gane kowa, yana jin komai, amma in ya buɗe baki kalma ɗaya ce take fitowa. Cikin dukan kalmomin duniya, wadda ta rage masa ita ce shashasha.

Da aka kusa sallamarsa, yayar Dongseok, Myeongja, ta ja shi gefe a barandar asibiti.

Ta ce, "Ka san surukata a hannuna take, ba zan iya da biyu ba. Akwai gidan kula da tsofaffi a Yangsan, na je na gani, tsaf-tsaf yake."

"Yaya, bai san kowa a can ba. Ko ruwa ba ya iya roƙa."

"To ina za ka sa shi? A ɗakin nan da ka manna wa katifu?"



Ya kawo mahaifinsa gida, amma a falo ya kafa gadon, ya zagaye shi da zani. Ya ce wa matarsa falo ya fi iska. Ita ma ta san ba iska ba ce.

Tsohon ya kasa barci a wurin. Tukunyar shinkafa ta yi ƙara, ya farka. Ƙararrawar ƙofa ta buga, ya zabura. Abin da ya fi ci masa rai shi ne a sauya masa kaya a tsakiyar gida, zani kawai tsakaninsa da duk mai shigowa.

Wata rana Dongseok ya dawo daga aikin safe ya tarar mahaifinsa ya juya fuska bango. Hyeran ta tare shi a kicin.

Ta ce, "Mai kawo kaya ya buga ƙofa daidai lokacin da fitsari ya kufce wa Baba. Mutumin bai ga komai ba, amma Baba ya ɗauka ya gani. Ban ce ka yi wani abu ba, Baban Narae. Amma mahaifinka ya yi kuka yau, kuma a gabana."

Dongseok ya shiga ɗakin kiɗan ya rufe ƙofa. Ya daɗe a zaune yana kallon lasifikokinsa. Daga nan ya durƙusa ya fara zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya.

Kafin la'asar teburi ya fita, kwamfuta da piyano da makirufo sun koma kwalaye a baranda. Firam ɗin bango da labule da kafet kawai ya bari. Suka turo gadon ciki. Tsohon ya dubi bangon mai ruwan toka, ya saurara, bai ji komai ba. Ba a jima ba barci ya ɗauke shi, irin wanda bai yi ba tun da ya bar asibiti.

Da ya farka Dongseok ya kawo masa kunun shinkafa. Manbok ya dube shi ido cikin ido ya ce, "Shashasha."

Godiyar da ya samu ke nan.

Haka aka shiga hunturu aka fita. Dongseok ya tuƙa bas da safe, da rana ya yi wa mahaifinsa wanka, ya aske masa gemu, ya murza masa hannun da ya mutu. In ruwa tsohon yake so, shashasha. In ƙafarsa ke ciwo, shashasha. In an kasa gane abin da yake nufi sai ya yi jifa da cokali.

Dongseok ya san ciwo ne ke magana, amma kalmar ba ta daina yi masa zafi ba. Wani lokaci sai ya fita baranda ya tsaya a gaban kwalayen, ba ya buɗewa.

Hyeran ce ta gaji da ganinsa haka. Ta ce, "Ka shigar da piyanon ka sa a ƙafar gado. Siririn teburin Narae zai shiga. In Baba bai so ba ai yana da kalmar da zai faɗa maka."

Ya shigar. Wata ranar hutu, ana yayyafi, ya kunna ƙaramar lasifika ƙasa-ƙasa yana gwada bugun ganga na cikin piyanon. Sai ya ji an daki ƙarfen gado.

Ya ce, "Yi haƙuri, Baba, yanzu zan kashe."

Ya kai hannu ke nan aka sake dukan ƙarfen, da ƙarfi. Ya juyo. Mahaifinsa yana dukan gadon da hannun hagu, ba na fushi ba, a jere, a natse, kowane duka da nauyinsa. Dongseok ya gane bugun. Da shi ya tashi a bakin ruwan Gijang. Haka koma take sauka idan mazaje suna kakkaɓe ta.

Ya rage saurin gangarsa har ta dace da hannun tsohon. Suka tafi tare na ɗan lokaci. Sai Manbok ya ja numfashi, ya buɗe baki.

"Ku ja, mazaje, ku ja. Teku ba ta jiran rago."

Muryar ta dushe, harshen yana da nauyi, amma kowace kalma ta fito cikakkiya. Ya rera baiti na biyu, ya rera na uku. Hyeran tana tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu, miya tana ɗiga a kan kafet ba ta sani ba.

Da gangar ta tsaya, maganar ta tsaya. Tsohon ya yi ta motsa baki, ba abin da ya fito. Sai hawaye.

Suka gaya wa malamar da ke koya masa magana a asibiti. Ta ce ana samun haka, wani mai irin wannan ciwon yakan rasa magana amma waƙa ta rage masa. Ta ce su gwada ɗora maganar yau da kullum a kan karin waƙar da ya sani.

Dongseok ya shigo da kwalayensa duka, ya sake shirya ɗakin. Wannan karon gadon ne a tsakiyar shiri. Ya bi da wayoyi ta saman bango don kada su sarƙe keken guragu. Ya sa makirufo a kan ƙarfe mai lanƙwasa wanda ke kaiwa har bakin matashi. Lasifikokin da ya taɓa ɗagawa daidai kunnensa ya sauke su daidai kunnen mai kwance.

Suka fara da "ina son ruwa". Dongseok ya buga, tsohon ya daki ƙarfe ya rera, a naɗa, a kunna masa ya ji muryarsa. Wata rana a samu, wata rana cokali ya tashi sama. Bayan ruwa suka koma "ƙafata na ciwo", sannan "buɗe taga". A hankali karin ya riƙa raguwa, kalmomin suna tsayawa da ƙafarsu.

Labari ya kai Gijang. Tsofaffin abokan jirginsa suka hau jirgin ƙasa suka zo, da ledojin busasshen kifi. Babbansu, Dusik, ya leƙa ɗakin ya dubi bango.

Ya ce, "Manbok, ashe baki ya mutu maƙogwaro na nan? Da ma surutunka ba ya ƙarar kowa da komai."

Wani ya ce, "Ka ga ɗaki kamar na shugaban kamfani. Ni ma bari in faɗi a kawo ni."

Tsohon ya yi dariya da rabin fuska, ya daki ƙarfen gado. Ba wanda ya ce su jeru, amma suka jeru, hannuwansu suna sauka tare kamar da koma a ciki. Ya ja, suka amsa. Dongseok ya danna naɗi, ya zauna yana kallon mahaifinsa.

Malamar asibiti ta ji abin da aka naɗa, ta tambayi Dongseok ko zai yi wa wasu marasa lafiyarta irin haka. Kowa da karin da ya tashi da shi: wata na shuka shinkafa, wani na coci, wani na soja. Iyalai suka fara hawowa benen da kekunan guragu. Daga baya asibitin ya ɗauke shi aikin sosai, ya rage ranakun tuƙi. Yau ɗakin ba ya wuni babu baƙo, kuma mai gadon yana nan yana buga musu ƙarfe in sun yi sauri.

Da bikin kaka na Chuseok ya zo, Myeongja ta iso da kwanon wainar shinkafa. Ta daɗe ba ta zo ba. Ta ce hidimar surukarta ce ta riƙe ta, amma kunya ce ta fi yawa. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin ta kasa shiga.

Dongseok ya ce, "Shigo mana, Yaya. Ba ya cizo."

Ta shiga ta durƙusa gefen gado. Tsohon ya daɗe yana kallonta. Ba a kunna ganga ba, ba a kunna komai ba. Ya ɗaga hannun hagu ya daki ƙarfen a hankali.

"Myeong-ja. Kin ci a-bin-ci?"

Tun ranar da ya faɗi ba ta ji sunanta a bakinsa ba. Ta kifa fuskarta a kan bargonsa.

"Na ci, Baba."

Ya ɗora hannun a kanta.

"Ki ƙara."

Darasi: Abin da ka sauke daga hannunka saboda iyayenka bai ɓata ba. Dongseok ya ba da ɗakin da ya fi so a lokacin da ba ya jiran ko godiya, ya haƙura da kalma mai zafi, sai ga shi a cikin ɗakin nan ya samu muryar mahaifinsa da sana'ar da ya daɗe yana nema. In ka san wani da ke jinyar uwa ko uba har ƙarfinsa ya fara ƙarewa, ka tura masa wannan labarin, ka kuma yaɗa shi ga sauran 'yan'uwa.