Ranar da Gwaggo Hawainiya Ta Yi Ja Na Gaskiya

An yi wata shekara da dabbobin Dajin Gamji suka haukace da tseren mota. Kada ku ɗauka irin motocin birni ne. Kowa ya samo tsohon injin ban-ruwa, ya ɗora a kan tayoyin baro, ya rufe da langa-langa, shi ke nan ya zama direba. Ƙara kuwa, har tsuntsaye sai da suka yi ƙaura daga bakin hanya.

A cikin direbobin akwai Bushiya, 'yar mitsitsiya, ga taurin kai. Da hannunta ta haɗa motarta, rani da damina tana tsince-tsincen ƙarafa, don haka tana son motar nan kamar ranta. Akwai kuma Gadu, mai haure da girman kai, wanda bai taɓa yarda wani ya fi shi komai ba. Sai alƙaliyar tsere, Gwaggo Hawainiya, tsohuwa mai ido a tsaye, wadda kwaɗayi ne kaɗai ya yi mata illa.

Dabbobin ba su da tuta, Gwaggo ce tutarsu. Takan hau kan wani dogon suri, daf da kwanar da hanya ke gangarawa cikin busasshen rafi. Direba ba ya ganin abin da ke bayan kwanar saboda dogayen ciyayi, amma ita daga sama tana ganin komai. In ta yi kore, hanya lafiya lau. In ta rikiɗe ja, kowa ya taka burki. Da haka aka taɓa ceton 'ya'yan Zabuwa, ranar da suka shigo hanya a jere.

Ranar babban tsere, Bushiya ta fita kamar an harba ta. Ta wuce Kurege, ta wuce Gadu, ta bar su suna shaƙar hayaƙinta. Saura ta tsallake rafi ta isa wurin ƙarewa, sai ta ɗaga kai ta ga Gwaggo ta yi ja.

Ta taka burki, mota ta tsaya cak.

Sai ga Gadu ya taho a guje, ko rage wuta bai yi ba. Ya wuce ta fuu, yana wucewa Gwaggo ta koma kore. Kafin Bushiya ta sake tayar da mota, har an ɗaga hannun Gadu ana yi masa kirari.

Gwaggo ta sauko a hankali, tana taku ɗaiɗai. Ta ba Gadu kofi, ta miƙo wa Bushiya ƙwaryar zuma, kyautar wanda ya zo na biyu. Bushiya ta mayar da hannuwanta baya.

"Karɓi mana, 'yar nan," in ji Gwaggo.

"Ba zan karɓa ba, Gwaggo. Me kika gani da kika yi ja?"

"Haɗari na gani."

"Wane haɗari? Ina yake? Haɗarin nan ni kaɗai ya sani, bai san Gadu ba?"

Gwaggo ta juya ido ɗaya gabas, ɗaya yamma. "Lokacin da Gadu ya iso, na riga na koma kore."

"Ba haka aka yi ba! Ja wur kike ya wuce, ina kallon ki. Kuma tun safe ƙamshin soyayyar fara nake ji daga kan surin nan. Wa ya kawo miki?"

Wuri ya rikice. Wasu na cewa gaskiyar Bushiya ce, wasu na cewa rashin kunya ne yarinya ta tsaya tana sa-in-sa da tsohuwa.

Gadu ya bushe da dariya har haurensa na rawa. "Ke ƙwallon ƙaya, ki iya bakinki! An kayar da ke, ki tafi gida ki yi kukanki."

"Ba kai ka kayar da ni ba, tsayar da ni aka yi," in ji Bushiya. "Ko gobe ka fito, sai ka ga bayan motata."

Gwaggo ta kumbura, ta yanke hukunci nan take. "Tunda kin ce na yi zalunci, ranar kasuwa mai zuwa za a sake. Daga can baya za ki tashi. In Gadu ya riga ki isa, motarki ta zama tasa, tarar ƙazafin da kika yi mini ke nan."

Bushiya ta dubi motarta, ta ga har Gadu ya fara shafa injin. Amma ta ƙi bari kowa ya ga tsoro a fuskarta.

"Na ji. Kai kuma ɗauke hannunka daga kan kayana," ta ce.

Ana gobe tsere, Kurege ya same ta a ƙarƙashin mota tana ɗaure taya. Shi ma direba ne, kuma yana ganin mutuncinta.

"Ƙawata, ki ji shawarata," ya ce. "Gwaggo za ta sake yi miki ja, kowa ya san haka. In ta yi, ki rufe ido ki wuce. Duk za mu tsaya miki."

Bushiya ta fito, fuska duk baƙin mai. "Ba zan wuce ba."

"Kin haukace? Motarki fa za a ƙwace!"

"Na sani, kuma abin na ci mini rai, ko barci ba na yi. Amma in ni ma na take ja, gobe kai za ka take, jibi babu mai tsayawa. Ranar da 'ya'yan wani suka shigo hanya fa? Da Gwaggo nake rigima, ba da ja ba."

Kurege ya girgiza kai ya tafi, yana cewa bai taɓa ganin mai kafiya irin wannan ba.

Ranar kasuwa gari ya waye tas, babu ko ɗigon hadari a sama. Can nesa a kan duwatsu dai an kwana ana ruwa, amma wa ya damu da ruwan da ba a kansa ya zuba ba? Aka jera motoci, aka tura Bushiya can baya.

Aka busa usur. Bushiya ta taka totur har ƙasa. Ta kutsa ta nan, ta ɓulla ta can, motarta na tsalle a kan gargada kamar za ta wargaje. 'Yan kallo suka fara kiran sunanta. Ta cim ma Kurege ta wuce. Ta cim ma Gadu, ya karkato zai matse ta, ta zille ta gefen hagu ta ba shi hayaƙi.

Ga suri a gabanta. Ta ɗaga kai.

Gwaggo ta yi ja. Ba ta taɓa yin irin wannan ja ba, kamar barkono a rana. Tana daka tsalle, tana ɗaga hannuwa, tana ihun da ƙarar inji ta hana kowa ji.

Zuciyar Bushiya ta tafasa. Ƙafarta na kan totur, wurin ƙarewa na can ƙetaren rafi, Gadu na tafe a bayanta. In ta tsaya, wahalar rani da damina ta tafi a banza. Hawayen takaici suka cika mata ido.

"Allah ya isa tsakanina da ke, Gwaggo!" ta ce da ƙarfi, ta taka burki.

Gadu kuwa da ya hango ja, sai ya washe baki. Shi a saninsa, ja na nufin a tsayar masa da wasu ya wuce. Har ya ɗaga wa Gwaggo hannu alamar godiya, ya ƙara wuta, ya sha kwana.

Sai aka ji tunjum!

Bushiya ta diro ta ruga ta leƙa. Ashe rafi ne ya kawo. Inda ɗazu yashi ne zalla, yanzu jan ruwa ne ke gudu da itatuwa. Motar Gadu na juyawa a tsakiya, tayoyi a sama, ruwa na tafiya da ita. Shi kuma ya rungume wata saiwa, yana haɗiyar ruwa.

"Wayyo Allah! Ku cece ni! Bushiya, ƙanwata!"

"Yau kuma ƙanwarka ce ni?" in ji Bushiya. Amma ba ta tsaya ɓata lokaci ba. Ta ɗaura igiya a gaban motarta, Kurege ya jefa wa Gadu ɗaya bakin, ta sa ribas. Injin ya yi gurnani, tayoyi suka tona ƙasa, aka jawo Gadu kan tudu kamar jiƙaƙƙen buhu.

Jama'a suka taru a kansa. Ya yi tari, ya amayar da ruwa, ya dubi inda motarsa ta nutse. Maimakon ya gode, sai ya juya wajen suri, ido ya rufe.

"Munafukar tsohuwa! Ba mun yi da ke ja na sauran direbobi ne ba? Ba ke kika ce in na ga ja in wuce abina ba? Farar da nake soya miki har da yaji, ashe kashe ni za ki yi!"

Gadu ya toshe bakinsa da hannu, amma magana ta riga ta fita.

Gwaggo ta yi ta maza za ta koma kalar ƙasa ta ɓace a jikin suri. Tsoro ya hana ta, ta zama rabi ja rabi kore, abin tausayi abin dariya.

"Wannan karon da gaske nake," ta ce. "Wallahi ruwa na gani."

"Na yarda, Gwaggo, kuma na gode," in ji Bushiya. "Yau kin ceci raina. Amma ke kika koya wa Gadu cewa janki na sayarwa ne, ga shi ya kusa mutuwa a kansa. Sauko daga kan surin nan."

"Ni za ki ce wa in sauko?"

"Ke fa. Sauko!"

Jama'a suka ɗauka gaba ɗaya, "Sauko! Sauko!" Gwaggo ta sauko, kuma ranar ce aka fara ganin ta yi sauri.

Gadu da bai san kunya ba ya miƙe yana ɗigar ruwa. "To, ko ma mene ne, ai na wuce ta. Motar tawa ce!"

Bushiya ta nuna masa ƙetaren rafi. "Hukunci ya ce wanda ya riga isa. Ga hanya nan, je ka isa."

Gadu ya dubi ruwa, ya dubi jama'a, ya sunkuyar da kai ya bi ta cikin ciyawa.

Daga nan dabbobi suka ɗinka tutoci biyu, ja da kore, suka damƙa wa Zalɓe mai dogon wuya, suka sa shaidu a gefensa. Da ruwa ya janye aka sake tsere, Gadu na cikin 'yan kallo a ƙasa. Bushiya da Kurege suka tafi kai da kai har ƙarshe, Kurege ya riga ta da ɗan tsinin hanci.

Zalɓe ya miƙo mata ƙwaryar zuma, irin wadda ta ƙi karɓa a hannun Gwaggo. Kowa ya zuba ido a ga me za ta yi. Bushiya ta sa hannu biyu ta karɓa, ta ɗora a ka, ta taka rawa har wurin motarta.

"Wannan kam an kayar da ni," ta ce, tana lasar zuma. "Kurege, ka shirya, baɗi ba za ka sha ba!"

Darasin da ke cikin wannan labari, yara, shi ne: in an zalunce ku, ku faɗa da babbar murya, ko a gaban wa, kada ku karɓi abin da aka ba ku don ku yi shiru. Amma kada haushin mugun alƙali ya sa ku taka dokar da ke kare ran kowa. Wanda kuma ya sayi alƙali don a karkata masa doka, ya sani ya lalata abin da zai cece shi ranar da haɗari na gaskiya ya zo.