Ka Riƙe Ta Yadda Take

Akwai wani tela, jama'a, da kowa ke kira Auta, ko da yake furfura ta fara leƙo masa a gemu. Da aka zo rabon gadon mahaifinsu, bai nemi komai ba sai tsohuwar motar Baba, wadda ake wa laƙabi da Gimbiya.

Gimbiya ta girmi Auta. Ruwan madara ce, kujerunta na fata, fentinta tun na kamfani. Kwana kaɗan kafin Baba ya cika, ya riƙe hannun Auta a gadon asibiti ya ce, "Ka riƙe ta yadda take."

Shi ke nan fa! Maganar nan ta zama ƙaya a wuyan Auta. Ko ƙusa ba a yarda a kwance ba. Kullum da safe sai ya goge ta, yana jin ƙamshin turaren Baba a kujera, ya rufe gareji ya tafi shago.

Matsalar ita ce Gimbiya ta daina tashi. In ka murɗa makulli sai ta yi tari kamar mai mura, ta yi shiru. Dogo makanike, wanda ya daɗe yana duba ta tun Baba na raye, ya buɗe bonet ya nuna masa.

"Ka ga wannan ɗan ƙarfen, kwantak? Shi ke ba fulogi wuta. Ya cinye. Na kasuwa kuma jabu ne, ka sa uku duk sun ƙone. Akwai wata 'yar na'ura ta zamani, ba ta kai akwatin ashana ba. A gurbinsa take zama, murfi ya rufe ta. Ba huji, ba yanka waya. Ran da ka ga dama, a cire a mayar da tsohon."

Auta ya haɗe rai. "Motar Baba za ka cusa wa kayan zamani? Allah ya kiyaye!"

"To, ka ci gaba da wanke gawa," in ji Dogo, ya kwashe sifanoninsa ya tafi.

Ga kuma inda gizo ke saƙar. Garejin a ƙasa yake, sai ka hau ɗan tudu mai lanƙwasa, ka bi wani siririn lungu kafin ka fita titi. Lungun nan a filin maƙwabci yake, ara musu ya yi shekara da shekaru. Yanzu ya tashi gini.

Maƙwabcin ya zo har gida da girmamawa. "Malam Auta, a fitar da motar nan kafin katanga ta tashi. In ta tashi, sai dai a yanka ta gunduwa-gunduwa."

Auta ya tara matasan layi su tura. Suka kai ta rabin tudu, ta dawo da baya, saura ƙiris ta take ƙafar wani. Ya kira motar da ke jan motoci, direban ya leƙa lungun ya yi dariya ya juya. Ya goge tsohon kwantak da takardar yashi har yatsunsa suka yi ja. Gimbiya ko gezau.

Aka sauke bulo. Aka haƙa harsashi. Maƙwabci ya ɗaga masa ƙafa sau ɗaya, ya sake ɗagawa, har kunya ta hana Auta haɗa ido da shi.

Ranar da magina suka fara jera bulo daga bakin titi, Auta bai je shago ba. Ya shiga motar ya rufe ƙofa, ya kifa kai a sitiyari. Gareji ya yi masa zafi kamar tanda. In ya sa na'ura, ya ci amanar Baba. In bai sa ba, masu sayen tsohon ƙarfe za su zo da wutar walda su daddatsa Gimbiya a gabansa. Gaba kura, baya sayaki. Wallahi kuka ya yi, kukan da bai yi ba ko ranar jana'iza.

Yana cikin haka sai ya ji an buɗe ƙofar ɗaya gefen. Mahaifiyarsa ce, ta dogara sandarta ta zauna a kujerar da ta saba zama.

"Kai da uban naka, taurin kai kamar an auna muku da mudu ɗaya," ta ce. "Me ma ya ce maka?"

"Cewa ya yi in riƙe ta yadda take, Inna."

"To, yaya take a ranar da ya faɗa?"

Auta ya ɗago kai ya dube ta.

"Ina tambayarka. Ba a cikinta ka kai shi asibiti ba? Murɗa ɗaya ta tashi. Yadda take ke nan, Auta, tafiya take yi. Wannan da ka ajiye akwatin ƙarfe ne." Ta shafa kujerar. "Shi kansa da likita ya sa masa ɗan batir a ƙirji, ya daina zama ubanka ne? Da shi ya ga aurenka."

Auta ya share fuska da hannun riga, ya ciro waya.

Dogo ya iso yana tsiya. "An gama zaman makokin?" Kafin shayin magina ya huce ya ɗaura na'urar, ya mayar da murfi. Auta ya leƙa, ya sake leƙawa, bai ga abin da ya canja ba.

Ya murɗa makulli. Gimbiya ta tashi da muryarta ta da, wadda in aka ji daga nesa ake cewa Baba ya dawo. Inna ta rufe baki da mayafi.

Gimbiya ta haye tudun, ta sha kwana. Amma jinkirin Auta ya riga ya matse hanya, don bulon bakin titi ya kama. Haka ya kutsa a hankali, yana ji ƙiiii, katanga ta ja wa ƙofar Gimbiya dogon zane a fentin da ya shekara yana gogewa.

A titi ya fito ya tsaya yana kallon zanen. Dogo ya ce ya san mai fenti.

"Bar shi," in ji Auta. "Wannan ba na Baba ba ne. Aikina ne."

Ya naɗe tsohon kwantak a hankicin Baba, ya ajiye a aljihun gaban mota. Inna ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "To direba, mu je mana, ko sai na biya?"

Darasi: Riƙon amana ba shi ne ka kulle abu har ya mutu a hannunka ba. Ka gane nufin wanda ya ba ka, ka gyara abin da zai raya shi, ka bar sauran yadda yake. Kuma mai jinkirin karɓar shawara, ko ya tsira, da tabo yake fita. Ku tura wa wani mai taurin kai da kuka sani, in kuma ku ne, to a yi haƙuri, an dai faɗa.