Warin da Ya Hana Khalfan Sakat a Salala

Akwai wani mutum a garinmu Nizwa mai suna Khalfan. Shekara talatin ya yi yana aikin ofis. Da ya yi ritaya sai ya sayi karafan, ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, mai gado da kicin da banɗaki a ciki. Sabo fil, fari tas. Wata biyar yana ajiye a ƙofar gida, kullum sai ya goge shi.

Da yayyafi ya sauka a Salala, duwatsu suka yi kore, Khalfan ya ɗaura karafan a mota. Ya ɗauki matarsa Shamsa da 'yarsu mai goyo, suka kama hanyar kudu.

Suka sauka a wani fili da ake ba masu karafan haya. Kowa da famfonsa, kowa da ramin da zai jona tiyon tankin banɗakinsa. Khalfan ya jona nasa, ya ja bawul, marufin da ke sakin ƙazantar tankin, ya bar shi a buɗe, don kada ƙazanta ta kwana masa a ɗaki. Ya kuma kafa doka: kada wanda ya ɓarnatar da ruwa wajen kora banɗaki.

Maƙwabcinsu wani dattijo ne daga Sur, sunansa Sulayyim, shi da matarsa Moza. Karafan ɗinsu tsoho ne, fenti duk ya ɓare. Ranar farko dattijon ya kawo gahawa da dabino, suka zauna a tabarma.

"Wane aiki ka yi kafin ka huta?" Khalfan ya tambaye shi.

"Tankar kwasar masai na tuƙa, shekara ashirin da bakwai," in ji Sulayyim yana dariya. "Babu gidan da ban san bayansa ba a Sur."

Khalfan ya dubi hannun da ya zuba masa gahawa. Ya ajiye kofin, bai ƙara kurɓa ba.

A kwana na huɗu wari ya fara. Da farko sama-sama, daga baya har abinci ba ya ciyuwa. Shamsa ta turara lubban har idonta ya yi ja, a banza.

"Abu Talal," ta ce wa mijinta da laƙabin da take kiran sa, "ni fa a banɗakinmu na fi jin sa."

"Banɗakin da ko sati bai yi da fara aiki ba? Iska ce ke kwaso shi daga can. Kin manta aikin mutumin?"

"Ai ya bar aikin."

"Aikin ne bai bar shi ba."

Washegari da safe Khalfan ya fito, sai ya ga Sulayyim a tsugune a gefen sabon karafan ɗin nasa yana leƙen ƙarƙashinsa.

"Malam, lafiya? Me ka ajiye a nan?"

Dattijon ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. "Maƙwabci, bawul ɗinka na ga a buɗe tun ranar da ka zo. Ba a barin sa haka. In ka yarda in nuna maka..."

"Ka taɓa shi?"

"Ban taɓa ba."

"To kada ka ƙara matsowa kusa da kayana."

Daga ranar Khalfan ya sa masa ido. Ya daina zuwa kallon duwatsu, ya zauna a bakin taga. In Sulayyim ya fito da bokiti, sai ya bi shi da kallo ya ga inda zai zubar. In ya sunkuya ɗaure takalmi, Khalfan ya ce wani abu yake binnewa. Har hotonsa ya ɗauka a waya yana wanke tiyo, ya riƙa nuna wa sauran masu karafan.

"Ku duba. Mutumin da ya shekara ashirin da bakwai cikin masai, hancinsa ya mutu. Mu ne muke shan wahala."

Magana ta zaga fili. Masu gaishe da dattijon suka koma ɗaga masa hannu daga nesa. Moza ta aika wa matan filin halwa, irin alewar ƙasar, aka dawo mata da kwanon ko cokali ba a sa ba.

Khalfan ya je wajen Mabkhut, mai kula da filin. Mabkhut ya zo ya zaga karafan ɗin dattijon sau biyu yana shinshina.

"Wallahi ban ji komai a nan ba. Ta wajenka ma ya fi ƙarfi."

"Ai ta wajena yake zubarwa! Da idona na kama shi a ƙarƙashin ɗakina. Ko ka ɗauke shi, ko mu bar maka filinka, mu da yawa."

Mabkhut ya sunkuyar da kai ya je ya roƙi Sulayyim ya koma can bakin ƙofa, kusa da inda ake tara shara. Dattijon bai yi musu ba.

"Zan koma," ya ce. "Jumma'a kuma in Allah ya kai mu mu tafi gida."

Ranar Laraba ya matsa. Laraba ta wuce, Alhamis ta zo, wari sai abin da ya ƙaru.

"To, yanzu kuma wa ke zubarwa?" in ji Shamsa.

"Wani abu ya cusa min a bututu ranar nan. Mugunta ce. Kin ga bai ko yi gardama ba da aka ce ya tashi? Mai gaskiya zai yi shiru haka?"

Ranar Jumma'a kuwa baƙi suke jira. Surukan 'yarsu, uban mijinta da uwarsa, za su zo cin abincin rana bayan masallaci. Shamsa ta ɗora shinkafa da nama tun da hantsi. Ta shiga banɗaki ta taka abin kora ruwa. Maimakon ruwan ya tafi, sai ya yi gurnani ya taso. Kafin ta ja da baya ya cika ya fara malala, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya nufi kafet.

Khalfan ya kira masu tankar kwasar masai har uku. Kowa ya ce gari cike yake da baƙi, sai Lahadi. Ya samo sanda ya zura, abin ya ƙara tasowa, har ya ɓata masa farar rigarsa ta Jumma'a. 'Yarsu ta ɗauki jaririya ta fita tana toshe hanci.

Shamsa ba ta nemi izininsa ba. Ta yafa mayafi ta nufi bakin ƙofa. Ta tarar Sulayyim ya riga ya ɗaura karafan a mota, Moza tana zaune a gaba. Shamsa ta tsaya a gefen taga, kunya ta hana ta haɗa ido da Moza.

"Yaya, ban da bakin roƙonki. Amma ɗakinmu ya cika."

Moza ta dubi mijinta ta ce, "Je ka duba musu. Akwai jaririya."

Sulayyim ya zo da safar hannu da doguwar tiyo. Khalfan ya tsaya a kansa, don har lokacin yana jiran ya ga abin da aka cusa masa.

"Yauwa, tsaya nan," in ji dattijon. "Duk abin da ya fito ka gani da idonka."

Ya fara rufe bawul. Ya kwashe abin da ya taso da bokiti. Ya sa mata suka dafa ruwa tukunya huɗu, ya zuba a banɗakin da sabulun wanke-wanke, ya ce a ba shi lokaci ya jiƙa.

"In bawul yana buɗe kullum, ruwa ne kawai ke tafiya," ya ce. "Sauran ya zauna ya bushe, ya taru kamar tudu a ƙarƙashin bututu. Kai kuma ka hana shi ruwa. Rufe shi ake yi, tanki ya kusa cika, sannan a saki gaba ɗaya."

Sai ya nuna rufi. "Ƙafata ba ta hawa. Hau ka duba ɗan bututun nan da ke fitar da iskar tanki."

Khalfan ya hau. Ya cire murfin, sai ga gidan zanzaro ya toshe bakin bututun tsaf, busasshiyar laka ja, irin ta ƙofar gidansa a Nizwa. Ita ta hana iskar tanki fita sama, wari yake komawa ɗaki. Ya tsaya a saman yana kallon ta, mutane kuma sun taru a ƙasa suna kallon sa.

Da Khalfan ya fasa lakar ya sauko, Sulayyim ya zura tiyo ta banɗaki ya saki ruwa da ƙarfi, yana juyawa, yana ja, yana turawa. Zufa ta jiƙe shi sharkaf. Can aka ji abu ya ɓalle a ciki. Ya fita ya ja bawul, tanki ya saki gaba ɗaya. A bakin ramin wasu fararen ƙyallaye suka maƙale. Ya ɗago su da sanda ya nuna wa Khalfan. Takardun goge jarirai ne masu danshi, na jikar Khalfan.

"Waɗannan ba sa narkewa. A shara ake sa su."

Khalfan ya ce, "Baba Sulayyim, na zalunce ka. Ka yafe min."

"Na yafe. Ni na saba, shekara ashirin da bakwai ana toshe hanci in na wuce. Moza ce ba ta saba ba. Kwana uku ba ta sauko daga ɗaki ba."

Khalfan bai canza riga ba. Haka ya bi filin karafan bayan karafan, yana sallama yana cewa, "Warin nan nawa ne. Ƙarya na yi wa dattijon nan." Surukansa suka iso suka same shi yana cikin yi.

Daga ƙarshe ya je bakin motar ya roƙi Moza su dawo wurinsu na da. Ta amsa gaisuwarsa, ta ce Allah ya yafe mana duka. Amma ta ce gida take so.

Bayan la'asar suka kama hanyar Sur. Sati uku Khalfan ya ƙara a Salala, wurin da ke gefensa babu kowa.

Darasi: Kafin ka zargi maƙwabcinka, fara bincika ɗakinka. Kada sana'ar mutum ta sa ka yanke masa hukunci, domin zato yana raba ka da wanda ya zo taimakonka, kuma ba kowace ɓarna ce neman gafara ke gyarawa ba. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wanda yake zargin wani a yau ba tare da hujja ba.