Wuƙar Jatau Mai Rake

Dagacin Tungar Marke mutum ne mai kishin tsaron jama'a. Kishin ya taso masa ne ranar da ya ga wuƙar Jatau mai rake, 'yar naɗewa mai ƙotar ƙaho. Washegari ya kafa doka: duk wanda ya buɗe wuƙa a fada, wuƙar ta zama ta dagaci. Sannan ya aika a kira Jatau.

"Fere min rake, yanzu zan sha a gaban jama'a. Ƙin umarnina kuma kora ce daga kasuwa."

"An gama, ranka ya daɗe."

Jatau ya tofar da goron bakinsa, ya kafa wa raken jajayen haƙora, yana ɓara yana tsiyayar yawu.

"Me kake yi haka?"

"Biyayya, ranka ya daɗe. Wuƙa tana aljihu, rake yana feruwa. Sauran gaɓa ɗaya in miƙo maka."

Dagaci ya dubi raken, ya dubi jama'a.

"Buɗe wuƙar."

"Dokar fa?"

"An janye."

Jatau ya fere masa sabon kara tas, ya naɗe wuƙarsa ya mayar aljihu. Na farkon shi ya shanye.