Sharhin Kunne Ɗaya

Akwai wani dattijo a wata jarida mai fita mako-mako, ana ce masa Malam Kunne. Aikinsa sharhi kan sababbin kundayen waƙa. Duk Litinin akan zube masa goma ko sha biyu a tebur: na gargajiya, na gambara, na soyayya, har da na kiɗa zalla. Layi uku yake ba kowanne, kuma layi ukun nan kan ɗaga mawaƙi ko su kai shi ƙasa.

Da aikin ya zauna masa a hannu, sai ya koma sa iyafis ɗaya a kunne in zai saurari waƙa, na dama. Na hagu yana reto a ƙirjinsa don kada hirar ofis ta wuce shi.

"Ni kunne ɗaya ya ishe ni," yakan ce.

Wata Litinin aka kawo kundin wasu teloli biyu, ya da ƙanwa. Ya saurara yana shan shayi, ya rubuta: "Murya mai daɗi, amma waƙoƙin rabi ne. Mawaƙiyar takan yi tambaya ta yi shiru, babu mai amsawa. Kada ku ɓata lokacinku."

Ranar Alhamis sai ga yayar a ofis, tef ɗin awo na rataye a wuyanta. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, ni ce mai tambayar da ba a amsawa. Jibi Asabar za mu ƙaddamar da kundin, amma mai zauren taron ya karanta sharhinka, ya ce ya fasa ba mu wurin. Shekara uku muka yi muna wannan aikin."

"'Yata, abin da na ji na rubuta."

Ba ta yi musu ba. Ta ɗauki iyafis ɗin hagu, ta goge shi da bakin mayafinta, ta miƙa masa da hannu biyu.

Ya sa, ya kunna. Yayar ta jefa tambayarta ta dama, sai ga wata siririyar murya ta hagu ta cafe ta amsa, kamar suna hira daga keken ɗinki zuwa keken ɗinki. Ashe da gangan aka raba su, ya a kunne ɗaya, ƙanwa a ɗayan.

Malam Kunne ya miƙe zumbur har shayin ya zube.

"Kai! Ku kawo sifika! Ku zo ku ji abin da na kusa binnewa!"

Nan da nan ofis ya ɗauka. Mai tace rubutu tana tafi, mai ɗaukar hoto yana buga tebur. Edita ya matso ya rage murya.

"Malam, mu sa ɗan gyara a ƙasan shafi mako mai zuwa. Shekara talatin ka yi kana gina sunanka."

"Ranka ya daɗe, Asabar ba za ta jira mako mai zuwa ba."

A take ya wallafa a shafin jaridar na intanet: "Da kunne ɗaya na saurari kundin nan, na zalunci muryoyi biyu. Laifina ne. Kundin nan ne mafi kyau da na ji bana."

Bai tsaya nan ba. Ya taka da ƙafarsa har wurin mai zauren tare da yayar, ya cusa masa iyafis ɗin duka biyun. Kafin waƙar farko ta ƙare, mutumin ya miƙa wa yayar mabuɗi.

Ranar Asabar zaure ya cika har bakin ƙofa. Yayar ta tsaya a dama, ƙanwa a hagu, Malam Kunne ya zauna daidai tsakiya. Ƙanwar ta leƙo daga kan dandamali.

"Baba, yau da kunne nawa ka zo?"

"Duka biyun, 'yata. Har na wanke su."

Darasi: Kada ƙwarewa ta sa ka yanke wa aikin wani hukunci da rabin sauraro. In kuma ka yi kuskure a bainar jama'a, gyara shi a bainar jama'a tun gyaran na da amfani. Ku tura wa duk wanda mutane ke jin maganarsa.