Itacen Fiya Mai Ɗigar da Zuma

Akwai wani mutum da yake da itacen fiya guda ɗaya tak a bayan ɗakinsa. Shi ya dasa shi, ya yi shekaru yana ba shi ruwa, har ya fara fure. Iyalinsa duka suka sa rai za su ci 'ya'yan fari.

Wata safiya ya taɓa ganye, ya ji danƙo a yatsa. Ya lasa, sai ya ji zaƙi. Ya ce a ransa, "Itacen da ganyensa ma ke ɗigar da zuma, ina ga 'ya'yansa!" Don murna ya ƙara kwaso kashin kaji ya jibga a gindinsa. Itacen ya yi ta fid da sabon toho mai laushi, danƙon kuwa sai ƙaruwa.

Ana nan sai yayarsa ta zo gaisuwa. Ya ja ta zuwa wurin, ya ce, "Yaya, lasa ki ji albarka."

Ba ta lasa ba. Ta juya ganyen, ta kai masa kusa da ido. Ga waɗansu ƙwari, ba su kai ƙwayar gero ba, sun manne a jikin tohon.

Ta ce, "Wayyo ƙanena, kashin waɗannan kake lasa. Ruwan itacenka suke tsotsa, abin da ya fito musu ta baya shi ne zumarka. Sare tohon nan ka ƙone, ka wanke sauran da ruwan sabulu, ka bar ɗura masa taki."

Ya ce, "Ke dai Yaya, ba kya ganin abin kirki ki yaba."

Ya ɗauko adda don ganin idonta, amma da ya dubi tohon nan kore shar, sai hannunsa ya ƙi. Ya mayar da addar.

Ba a daɗe ba danƙon ya rikiɗa ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Ganye ya yanƙwane, ƙananan 'ya'yan suka zube tun ba su nuna ba. A shekarar, ko ɗaya yaransa ba su sa a baki ba.

To, 'ya'yana, ga ma'anar misalin. Itacen nan ranka ne da Ubangiji ya ba ka. Ƙwarin su ne ƙananan zunuban da muke rainawa, kamar gulma da son a yabe mu. Ba su zuwa da zafi, da daɗi suke zuwa, shi ya sa muke ciyar da su. Yayar kuwa ita ce duk wanda ya ƙaunace ka har ya faɗa maka abin da ba ka so ka ji, ko uwarka ce ko fasto.

Ni na tsufa, ba zan ɓoye muku ba. In kun ji zaƙi a inda ba ku sa sukari ba, ku juya ganyen ku duba, tun adda tana da amfani.